Takalman Hakimi Na'Allah

A wancan gari da ke gefen hanya tsakanin Boɗinga da Shagari, wanda ba sai an kama sunansa ba tunda jikokin mutanen suna nan da ransu kuma suna da baki, Hakimi Na'Allah bai taɓa korar kowa ba. Wannan kam ko maƙiyinsa zai ba shi shaida. Bai taɓa ɗaga murya ya ce wa mutum bar mini gari ba. Abin da yake yi, in zamanka ya ishe shi, sai ya sa baduku ya ɗinka maka takalmi. Sabo fil, na jar fata, daidai ƙafarka, har ka rasa yaushe aka auna ka. Arzika, dattijon da yake aika, shi zai kawo maka da hantsi a kan faifai, ya durƙusa, ya ce hakimi na gaisuwa. Shi ke nan. Mai hankali kwana uku yake yi yana ɗaure kaya.

Malam Isa, wanda ya fara koyarwa a makarantar elementare ta garin, shi bai yi wannan hankali ba. Ya karɓa, ya yi godiya, har ya sa su ya je Juma'a yana taku ɗai-ɗai. A rana ta huɗu, da azahar tsaka, jinkar ɗakinsa ta kama da wuta. Ga rijiya nan taku ashirin, ga guga a rataye, ga maza zaune a inuwar itacen bedi. Kowa ya ga hayaƙi, kowa kuma nan take ya tuna ya bar wani aiki a gona. Da takalman nan kaɗai Malam Isa ya fita daga garin.

A ɗakin nan, bayan an yi masa sabuwar jinka, aka sauke Malam Maniru. Ɗan Sifawa ne, dogo, siriri, mai yawan a'uziyya, bai daɗe da gama koyon aikin malanta ba. Wannan ne aikinsa na fari, kuma a duk zuriyarsu shi ne ya fara cin abinci da alli maimakon fartanya. Ranar da zai taso ubansa ya ce masa abu ɗaya: duk inda hukumar En'e ta ajiye ka, ka zauna lafiya da mai garin, don in ya rubuta baƙi a kanka, ba wata makaranta da za ta sake buɗe maka ƙofa. Ya zo da matarsa Safinatu, da cikin wata shida, da tabarma biyu da akwati ɗaya. Burinsa bai wuce ya riƙe aikin nan, ta haihu a ɗakin nan ba.

Labarin takalmi ya ji shi tun makon farko, gun masu kai albasa kasuwa. Abin da bai ji ba shi ne yadda aka tara 'yan ajinsa.

Ai lokacin ba mai son boko. Da Bature ya aiko cewa ana son yara talatin, sai Hakimi Na'Allah ya zauna a zaure, ya lumshe ido, ya shiga tuno duk wanda ya taɓa ɓata masa rai. Wanda ya ƙi zuwa gayyar gonarsa, a kawo ɗansa. Wanda ya yi gardama da aka matsa masa iyakar gona, a kawo 'yarsa. Wanda aka karɓe wa rago ya je yana faɗa a kasuwar Dandin Mahe, a kawo biyu. Nasa 'ya'yan da na abokan cin tuwonsa ko ɗaya bai bayar ba. A ganinsa ya yi wa mutane horo mai zafi. Yara talatin cif, kowanne ya tashi a gidan da ake rage murya in an zo sunan hakimi, aka tara su ɗaki ɗaya, aka ba su malami ya koya musu magana a gaban jama'a.

Malam Maniru dai ya ga yara masu shiru da kaifin ido, ya gode wa Allah.

Da bazara ta kama, ana tsakiyar cirar albasa, zafi kamar a gasa mutum, sai takarda ta zo. An ce tunda ana maganar kafa majalisun gari, kuma ana jin ƙishin-ƙishin Turawa za su miƙa mulki wata rana, to a fara koya wa yara darasin zaman gari da mulki nagari. Kuma bayan mako uku Baturen makaranta zai zo tare da wakilin uban ƙasa, yara su nuna abin da suka koya a wasan kwaikwayo.

Malam ya share babban allo ya rubuta da kyakkyawan hannunsa. Shugaba nagari yana jin ta bakin kowane ɓangare. Yana kiran shaidu. Ba ya karɓar kyautar mai ƙara. Ba ya sa talakawa noman gonarsa su bar tasu. Ya sa suka maimaita har sau uku, sannan ya ce akwai mai tambaya?

Wata yarinya ta ɗaga hannu. Kulu ke nan, 'yar shekara tara, baƙa, mai wushirya, wadda kakarta Inno ke riƙo.

"Malam, wanga shugaba, a wane gari shike?"

"Ba gari ɗaya ba ne, Kulu. Haka ake son kowane shugaba shi zama."

"To shina da rai, ko ya rasu tun zamanin Shehu?"

Ba wanda ya yi dariya a ajin. Wannan ne ya kamata ya tsayar da Malam, amma shi sai ya ɗauka yaran ba su gane ba ne, ya ce a ransa abin da ba a gani ba ya fi wuyar koyo. Nan dabara ta zo masa, wadda ya yi ta murna da ita har gida. Za a raba wasan biyu. A fara nuna mugun shugaba, sannan a nuna nagari, bambanci ya fito ƙuru-ƙuru. Ya ce musu na mugun su ƙirƙiro da kansu, irin na tatsuniya, ya tura su gindin tsamiyar makaranta, shi kuma ya zauna yana rubuta na nagarin.

Da ya fito duba su, tun daga nesa ya ji tari. Tari biyu, gajeru, na biyun ya fi na farko ƙarfi. Sai da ya waiga ya ga ko hakimi ne ya shigo makaranta.

Ummaru ne, babban yaron ajin, ya naɗa tsumma a ka, ya kishingiɗa a kan saiwar tsamiya, yana sosa kunne da tsinke. Ya sake tarin nan, ya ce da wata murya mai sanyi, "To, to, to. Mu ji alheri."

Kulu ta rarrafo tana dogara kara, ta ce ita tsohuwa ce, mijinta ya rasu, an tumɓuke gambar da ke iyakar fadamarta an dasa ta gaba, rabin albasarta ya koma gonar maƙwabci. Kafin ta rufe baki wani yaro ya shigo ta bayan tsamiya da ƙunshin duwatsu a riga, wai albasa, ya ajiye inda mai gari zai gani da wutsiyar ido. Ummaru ya leƙa ƙunshin, ya auna nauyinsa da yatsan ƙafa, ya ce, "Tsohuwa, gamba ai ciyawa ta, tana tahiya da kanta. Tashi, Allah shi ba ki haƙuri." Wani ya taso ya ce bai yarda ba. Ummaru ya yi murmushi, ya yafito wani ɗan ƙarami da ke tafiya a duƙe kamar Arzika. Sai ga shi da faifai, a kai an ɗora takalma biyu da suka ƙera da ɓargon kara da tsinke, har da maɗauri.

"Ku tsaya!" Malam ya ce. "Wa ya koya muku wannan? Na ce na tatsuniya!"

Yaran suka dubi juna. Ummaru ya kwance tsumman ya ce, "Malam, mu shi munka sani."

Da la'asar Inno ta shigo gidan Malam da ƙwaryar fura a ka, wai ta zo duba mai ciki. Tsohuwa ce 'yar firit, bakinta ja da goro, ba abin da ke faruwa a garin bai biyo ta zaurenta ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta dubi cikin Safinatu ta ce namiji ne, ta dubi Malam ta ce ya rame.

"Ɗana, an ce yau ka ga hakimi gindin tsamiya."

"Inno, wasan yara ne."

"Awo, wasa na. Fadamar ma da wasa anka ɗauke ta, shekara huɗu ke nan. Kai, Malam, kai da ke da ilimi, ba ka taɓa tambaya ba mi ya sa ba ɗiyan hakimi ko ɗaya a ajinka? Ko na Sarkin Fawa? Ko na liman?" Ta shiga lissafa masa da yatsu, gida-gida, wane an ci masa iyaka, wane an kwashe masa dawa da sunan baƙi, uban Ummaru kuma wata biyu ya yi yana yanke wa dokin hakimi ciyawa don ya yi dariya inda ba a so. "Duk ɗiyan masu laihi anka ba ka. Kai kuma ka ce su yi mugun sarki. To da wa za su yi, da Fir'auna? Ba su taɓa ganin shi ba."

Safinatu ta daina dama furar. "Inno, hakimi ya ji?"

"Ɗiyata, tsamiyar makaranta da bayan gidan Arzika zana ɗaya ta raba su."

Kwana biyu ba abin da ya faru, kuma wannan ya fi komai hana Malam cin abinci. A rana ta uku da safe, bayan ya fita makaranta, Safinatu ta leƙa ta ramin zana za ta zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta ga mutum tsugune a ƙofar gida. Arzika ne. Ya sa wani siririn kara a kan sawun da Malam ya bari cikin rairayi, daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya karya daidai wurin. Ya sake gwadawa a faɗi, ya karya. Ya zura karan biyu a aljihu, ya share sawun da tafin hannu, ya tashi yana karkaɗe riga. Ruwan nan bai zubu ba sai a ƙafafunta.

Ran nan da yamma hakimi ya aiko kiran Malam.

Zauren da sanyi, da warin turare da na doki. Hakimi Na'Allah mutum ne mai jiki, fari, mai fara'a, in ka gan shi sai ka ce bai taɓa taka ko tururuwa ba. Malam ya tuɓe takalmansa a waje, ya zube.

"Ranka shi daɗe."

Tari biyu. "To, to, to. Malam Maniru. Mu ji alheri. Yaya mai ɗakin taka? An ce ta yi nauyi. Allah shi sauke ta lahiya. Wanga zahi bai da kyau ga mai ciki, balle a ce tahiya ta kama ta."

"Amin, ranka shi daɗe."

"An ce ɗiyanmu na shirya wasa na baƙi. Na ji daɗi. An ce kashi biyu na."

"Ranka shi daɗe, ɗaya ne. Na farkon gwaji ne kawai, an bar shi."

"Madalla. Ni dama na ce Malam mai hankali na, ba kamar wancan ba, Allah sarki, Malam Isa. Ka ga jinkar nan taka, ni na sa anka yi ta. Busasshiya ta ƙwarai, a riƙa kula da wuta." Ya sosa kunne da tsinke. Idonsa ya sauka ƙofar zaure, inda tsofaffin takalman Malam suke. "Sun tsufa," ya ce.

Daga ranar Malam ya kashe kashi na farko. Ya tattake takalman kara ya jefa bayan aji. Ya rubuta wa yaran kowace kalma ta wasan shugaba nagari, ya zaɓi ƙarar da ba za ta taɓa kowa ba: akuya ta ci waken maƙwabci. Ummaru ne mai gari, Kulu mai wake, wani Ɗanmalam mai akuya. Mai gari zai ji ɓangare biyu, ya kira shaidu, ya ƙi kyauta, ya yanke gaskiya, kowa ya tafi yana murna. Ya hana tari. Ya hana tsinke. Ya ce duk wanda ya ce to sau uku a jere, bulala shida. Kullum sai sun yi sau biyar, har yaran suka iya shi kamar karatun sallah, suna yi fuska ba walwala.

"Kin gani," ya ce wa Safinatu, "ba komai ciki. Akuya ce da wake."

"To karan da ke aljihun Arzika fa?"

Ya ninke takardar wasan ya sa a aljihu.

Ranar ta zo da wani irin zafi mai nauyi, sama ta yi fari fat, ko ganye ba ya motsi. An kafa rumfa a filin makaranta. Motar Bature ta iso da hantsi, ya fito ja wur yana share wuya, yana gaishe da kowa da sannu da aiki har da jakin da ke ɗaure. Wakilin uban ƙasa wani tsoho ne busasshe mai carbi, wanda ba ka gane ko barci yake ko kallo. Aka ba su kujeru, hakimi ya zauna tsakaninsu, Arzika a ƙasa gefen ƙafarsa. Mutanen gari kuwa, waɗanda ko kiran gayya sai an bi su gida-gida, ran nan ba wanda ya rage. Har albasa aka bari a kwance cikin fadama. Suka yi tsaye a rana, baya-baya, shiru.

Yara suka yi waƙar maraba, suka karanta abin da ke allo. Sannan Ummaru ya zauna kan turmi da farin rawani na aro, ya miƙe wuya, bai yi tari ba. Malam ya saki numfashi.

Kulu ta shigo ta durƙusa.

"Baiwar Allah, mi ke tahe da ke?" in ji Ummaru, daidai yadda aka rubuta.

Kulu ta buɗe baki. Sai ta ɗaga ido, ta hango can bayan taro Inno ta hau kan wani kututture don ta ga jikarta, ƙwarya a hannu, rana na dukan furfurarta. Tsohuwar ba ta yi mata alama ba, wannan kowa ya shaida. Kallo kawai take.

"Ranka shi daɗe, gambar iyakar fadamarmu anka tumɓuke."

Alli ya faɗi daga hannun Malam.

Ummaru ya dubi Malam, ya dubi allo inda rubutun ke nan ɓaro-ɓaro. To mi zai yi? An ce masa shugaba nagari yana saurare. Sai ya saurara. Kulu ta faɗi shekara, ta faɗi wurin, fadamar gindin baure, ta faɗi kunya nawa na albasa suka koma hannun maƙwabci. Ɗanmalam, da aka shirya shi mai akuya, ya ga ba akuya, sai ya zama maƙwabcin, ya matso da ƙunshin kyautar da aka tanada. Ummaru ya ture ƙunshin da bayan hannu, ya ce da ƙarfi, kamar yadda aka koya masa sau hamsin, "Ba a saye na. Akwai shaidu?"

A wasan, shaidu biyu ne za su tashi. Yara ashirin da bakwai suka miƙe.

"Baba na nan sadda anka tumɓuke ta."

"Mu munka ga ramun da safe."

"Kawuna anka sa ya dasa ta, ya ce har yau ba shi barci."

Ummaru ya ce, "Baiwar Allah, ba ki kai ƙara ba tun wancan lokaci?"

"Mun kai."

"Wa ya yanke?"

Kulu ba ta kama suna ba. Ta dai sa hannu a baki ta yi tari biyu, gajeru, na biyun ya fi na farko ƙarfi.

Wallahi da allura ta faɗi filin nan da an ji. Wani jariri ya fara kuka, uwarsa ta toshe masa baki da nono. Ummaru ya yanke hukunci cewa a mai da gamba inda take, kuma wanda ya yanke na farko ya nemi gafarar tsohuwa gaban jama'a. Yaran suka jeru suka rusuna.

Bature ya tashi yana tafi. "Da kyau! Da kyau ƙwarai!" Ya ciro littafi yana rubutu, yana cewa bai taɓa ganin yara sun yi wasa kamar gaske haka ba. Hakimi Na'Allah ya taya shi, dariyarsa ta fi ta kowa, har yana share hawaye da bakin rawani. Mutanen gari ba wanda ya tafa.

Sai wakili ya buɗe ido. Carbin ya tsaya.

"Malam," ya ce a hankali, "wanga duka kai ka koya musu, ko ɗiyan sunka ƙaro nasu?"

Amsar tana bakin Malam, a shirye, kuma gaskiya ce: ga takarda a aljihunsa, akuya ce da wake. In ya fito da ita ya tsira. Ya sa hannu a aljihu har ya taɓa ta. Sai ya ga Arzika. Dattijon ba ya kallon wakili, ba ya kallon Malam. Ya karkata kai yana duban ƙasa, inda sawun Kulu ya fito cikin rairayi, 'yan ƙanana, ba takalmi. Daga nan ya ɗaga ido can baya, wajen kututturen da Inno ke tsaye. Tsohuwar da ba ta da kowa sai yarinyar nan, ba ta da wani gari sai wannan.

Malam ya tuna Safinatu da cikinta, ya tuna ubansa a bakin ƙofa. Ya fito da hannunsa ba komai.

"Ni na koya musu, ranka shi daɗe. Kowace kalma. Ba su ƙara ko ɗaya ba."

Wakili ya daɗe yana dubansa. "Allah shi yi albarka," ya ce, carbin ya ci gaba da tafiya. Ya sake lumshe ido har mota ta tashi.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Arzika ne, da faifai. Ya durƙusa ya ce hakimi na gaisuwa. Jar fata, sabo fil, ɗinki mai kyau, har da 'yar kwalliya a maɗauri. Safinatu ta tsaya bayan zana ta riƙe ciki da hannu biyu. Malam ya karɓa ya ce a gaishe da hakimi. Ya gwada. Kamar a ƙafarsa aka haife su.

Bai jira kwana uku ba. A na biyu ya samo jaki, ya ɗora Safinatu da akwati, ya ɗauki tabarmi a ka. Ba babba ko ɗaya da ya fito rakiya, ƙofofi duk a rufe kamar ana annoba. Sai da suka wuce rijiya suka ga yaran, su talatin, jere a bakin hanya yadda yake jera su in za a shiga aji. Malam ya ce wa Ummaru a riƙa share allo. Takardar hakimi ta riga shi isa inda za ta isa. Ba a sake ba shi aji ba, ko a nan ko a wani wuri.

Safinatu ta haihu a Sifawa, a ɗakin uwar mijinta, namiji kamar yadda Inno ta faɗa. Da ruwa ya sauka Malam Maniru ya ɗauki fartanya ya bi ubansa gona. Tsohon bai yi masa faɗa ba, bai kuma tambaye shi ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Wata ranar kasuwar Boɗinga ya je sayen gishiri, sai ya ji an ja masa riga. Inno ce, ta biyo masu jakuna, wai ta zo ganin jinjiri, amma kana ganin bakinta ka san labari ne ya hana ta zama.

"An mai da miki fadamar?" ya tambaya.

"Wa zai mai da? Gamba na nan inda ta tahi da kanta. Kai dai matso." Ta ja shi bayan rumfar mai tabarmi. Ta ce tun washegarin tafiyarsa, da aka buɗe zauren hakimi da safe, sai ga takalma biyu na ɓargon kara a bakin ƙofa, an jera su tsaf, har da maɗauri. Aka share. Gobe ga wasu. Aka sa Arzika gadi, ya rantse bai ga kowa ba. Hakimi ya so ya sa a kama yara, to a ce sun yi mi? Wasan kara? Sai ya yi dariya ya ce a bar su. Kullum dai sai an share, har kwana talatin.

"To sai suka daina?"

"Na kara sun daina." Inno ta waiga hagu da dama. "Shekaranjiya da anka buɗe, na jar fata anka iske. Sabbi. A kan faifai. Baduku ya dafa Alƙur'ani ya ce ba ɗinkinshi ba na. Kuma, Malam, wai da hakimi ya kori kowa daga zaure ya gwada..." Ta kama bakinta, idonta na rawa. "Daidai."

Malam ya dubi ƙafafunsa. Jar fatar ta yi baƙi da laka.

"Yau kwana nawa ke nan, Inno?"

"Uku. Ya sa an jera randuna cike da ruwa kewaye da gidan, ya hana a hura wuta ko ta girki. Da na taso na biyo ta wajen rijiya. Maza na nan zaune inuwar bedi, sun yi shiru, kowa na kallon jinkar zauren." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Gugan ma ban gan shi a rataye ba. Kai, mu tahi in ga ɗan nan tun rana ba ta yi ba."